Gidajen haya na tsakar gida ɗaya a Yamai: wa ke sa ido a kansu, kuma me ya sa kuka ke zuwa a makare

Duk shekara, da zarar ruwan watan Agusta ya kankama a Yamai, labari iri ɗaya ne ke dawowa: katanga ta faɗi a wani gidan haya, ɗaki ya rufta, salanga ta cika ta malalo tsakar gida. Washegari ƴan hayar su ɗunguma zuwa wurin mai unguwa ko ma'aikatar magajin gari, suna cewa sun daɗe suna ganin bangon yana tsagewa. Idan aka nemi takardar da ke nuna sun taɓa kai kuka, sai a tarar babu. Ma'aikata su ce labari bai iso gare su ba, mai gida ya ce ruwa daga Allah ne, magana ta mutu a nan.

Wannan bayani ya tattaro abin da mai zaman haya ya kamata ya sani: irin gidajen da ake magana a kansu, nauyin da doka ta ɗora wa mai gida da hukumar birni, dalilan da ke sa koke ya makara, abin da jinkirin ke jawowa, da kuma hanyar da ake bi a kai kuka tun yana da amfani.

Wane irin gida ake nufi

Gidan haya na tsakar gida ɗaya shi ne wanda iyalai da dama, ko gwagware da ɗalibai, ke zaune a fili guda, kowa da ɗakinsa, amma ƙofar shiga ɗaya ce, pampo ɗaya, makewayi ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa kontar wuta ɗaya. A Yamai an fi sanin jerin ɗakunan nan da sunan selibateriyom, kalmar da aka aro daga Faransanci, duk da cewa yau masu iyali ne suka cika su. Akwai ɗaki guda da ake kira antire-kushe, akwai ciki da falo. Ta fuskar gini kuwa, akwai na ƙasa zalla, akwai na ƙasa mai shafen siminti, akwai na bulo da kwano.

Ana samun irin waɗannan gidaje a tsofaffin unguwannin tsakiyar gari kamar Zango, Banizumbu da Kale, da unguwannin da suka cika maƙil kamar Bukoki, Lazare, Talaje, Gamkale da Yantala, da kuma hayin kogi, wato Harobanda, inda ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni da yawa ke kama ɗaki a Lamorde, Karaje da Kirkisoye.

Abin da ya bambanta wannan gida da gidan da iyali ɗaya ke haya shi ne, abubuwan da suka fi haɗari na kowa ne, kuma ba na kowa ba. Katangar waje, ramin salanga, ramin ruwan wanka, igiyoyin wuta da aka ja daga ɗaki zuwa ɗaki, duk a wajen ɗakin mutum suke. Kowa na amfani da su, kowa kuma na jiran wani ya yi magana.

Yadda birnin ya cika da su

Yamai ta zama babban birnin Nijar a 1926, lokacin da Turawan Faransa suka ɗauke fadar mulki daga Damagaram. A shekarar samun ƴancin kai, 1960, mazaunanta ba su wuce dubu talatin da ƴan kai ba. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun koro mutanen karkara zuwa birni. Ƙidayar 1988 ta samu kusan mutum 400,000, ta 2001 ta samu sama da 700,000, ta 2012 kuwa ta samu 1,026,848.

Gidajen da gwamnati ta gina ta hannun kamfanin SONUCI ba su taɓa kusantar wannan yawa ba, kuma akasari ma'aikata masu albashi ne suka amfana da su. Bankin gidaje na BHN sai a ƙarshen 2018 ya buɗe ƙofarsa. Wanda ya sauke baƙon birni, tun da can har yau, shi ne mai fili da ya jera ɗakuna a jikin katanga yana ba da haya. Wasu unguwannin an yanka filayensu bisa tsari, wasu kuma, kamar Pays-Bas da ke kan hanyar filin jirgi, sun tsiro ne a cikin ramuka da kwazazzabai ba tare da yankan hukuma ba.

Birnin ba shi da babban layin bututun kwashe najasa da ya game gari. Kowane gida da raminsa, kuma idan ya cika sai an kira mota ko masu yashewa da hannu. Ramin da aka haƙa don iyali ɗaya, idan iyalai takwas suka hau kansa, ba ya daɗewa.

Abin da doka ta ɗora wa mai gida

Dokar da ta tsara dangantakar mai gida da ɗan haya ita ce doka mai lamba 96-016 ta ranar 18 ga Afrilu 1996, wadda aka fitar zamanin mulkin Ibrahim Bare Mainasara. Mutane kaɗan ne suka san da ita, kuma yawancin hayar ɗakuna a unguwannin talakawa da baki ake ƙulla ta, ta hannun dillali, a biya kuɗin ajiya da na wasu watanni a gaba, a karɓi makulli.

Bayan ita akwai kundin dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa. Ƙa'idodinsa game da haya a fili suke. Mai gida ne zai miƙa wuri a cikin kyakkyawan yanayi, shi ne kuma zai yi manyan gyare-gyare muddin hayar na tafiya: rufi, bango, katanga. Ɗan haya yana da ƙananan gyare-gyaren yau da kullum, da biyan kuɗi a kan lokaci, da kula da wurin kamar nasa. Yashe rijiya da salanga yana wuyan mai gida, sai fa in an yi yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Sannan idan gini ya rushe ya yi wa wani ɓarna saboda rashin gyara ko saboda aibin gini, mai ginin ne ke da alhaki.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ginshiƙin maganar. Kafin a ɗora wa mai gida alhaki, sai an nuna cewa rashin gyara ne ya kayar da bangon, ba ƙarfin ruwa kaɗai ba. Hujjar da ta fi nuna haka ita ce shaidar cewa an gargaɗe shi tun kafin damina, bai yi komai ba.

Shagon da ke bakin gida yana da nasa tsarin dabam: hayar wurin sana'a tana ƙarƙashin dokokin kasuwanci na ƙungiyar OHADA, wadda Nijar ke cikinta.

Abin da doka ta ɗora wa hukumar birni

A ranar 17 ga Satumba 2010 aka fitar da kundin dokokin ƙananan hukumomi, doka mai lamba 2010-54. A rana guda aka mayar da Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram birane masu matsayi na musamman. Yamai tana da da'irori biyar, huɗu a gaɓar hagu ta kogin Kwara, ta biyar a Harobanda, kowace da ma'aikatarta, sannan ga babbar ma'aikatar magajin gari a samansu.

Kundin ya ba magajin gari ikon tabbatar da zaman lafiya, kare lafiyar jama'a daga haɗari, da tsabtar gari. Gini mai barazanar faɗowa kan mutane, da ruwan ƙazanta da ake saki a titi, duk suna shiga wannan iko. Izinin gini ma daga ma'aikatar magajin gari yake fitowa, ƙarƙashin dokar tsara birane ta 12 ga Afrilu 2017 da dokar gine-gine da muhalli ta 27 ga Afrilu 2018.

Ta ɓangaren tsabta, dokar 2 ga Maris 1993 ta kafa kundin tsabtar jama'a, wanda ya tilasta wa kowane gida samun makewayi da hanyar tara ruwan datti, ya kuma ba jami'an tsabta damar shiga gidaje su duba. Dattawa na tunawa da sarkin tsabta na zamanin da, wanda ke leƙa randa da bayan gida, ya ci tarar wanda ya samu da laifi. Ma'aikatan tsabta suna nan har yau a da'irori, amma birnin ya ninka sau da yawa, su kuwa ba su ninka tare da shi ba.

Giɓin da ke cikin tsarin shi ne wannan: izinin gini ana neman sa ne kafin a ɗora bulo, idan ma an nema. Bayan nan, a aikace, mai gida ba ya buƙatar wata takarda daga hukumar birni kafin ya zuba ƴan haya, kuma babu wani zagayen dubawa na shekara-shekara da aka keɓe wa gidajen haya. Hukuma ba ta san ɗaki nawa ke cikin fili kaza ba, ko mutum nawa ke bin makewayi ɗaya. Saboda haka kusan duk wani motsi nata yana farawa ne daga koke. In babu koke, babu wanda zai zo.

Hukumar da ke yawan canza hannu

Wani abin da ke raunana sa ido shi ne yawan sauyi a shugabancin birnin. An zaɓi Oumarou Dogari magajin gari a 2011, gwamnati ta tsige shi a 2013. Wanda ya gaje shi, Assane Seydou, an tsige shi a watan Yuli 2017, a daidai lokacin da ake ta kokawa da tarin shara a cikin gari. Daga nan aka rusa majalisar birnin, aka naɗa kwamitin riƙo a ƙarƙashin Mouctar Mamoudou. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 13 ga Disamba 2020, Oumarou Dogari ya dawo kan kujerar a 2021. A ranar 4 ga Afrilu 2024, Janar Abdourahamane Tiani ya rusa dukkan majalisun birane, na ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa kantomomi. Kanar Boubacar Soumana Garanke ne aka naɗa wa Yamai.

Ga ɗan haya, wannan tarihi yana da ma'ana guda. Alkawarin da kansila ko wani jami'i ya yi da baki yana tafiya da shi ranar da ya bar ofis. Abin da ke zama shi ne takardar da aka rubuta a rajistar ma'aikata, mai lamba da kwanan wata. Ikon da doka ta ba magajin gari kuwa bai ɓace ba don an rusa majalisa. Wanda ke riƙe da birnin ne ke ɗauke da shi.

Me ya sa kuka ke makara

Dalili na farko shi ne tsoron kora. A birnin da masu neman ɗaki suka fi ɗakunan yawa, wanda ya kai ƙarar mai gida ya san cewa ƙarshen wata za a iya ce masa ɗan mai gidan zai yi aure, a ba da ɗaki. Neman wani wurin yana nufin sabon kuɗin dillali, sabon kuɗin ajiya, kuɗin kwashe kaya, wani lokaci har da canza wa yara makaranta. Wanda ake bi bashin wata biyu ko uku kuwa, bakinsa a rufe yake.

Na biyu shi ne kunya da zumunci. Sau da yawa mai gidan ɗan gari ɗaya ne da ɗan hayar, ko dattijon da ake sallah tare da shi, ko gwauruwar da kuɗin hayar ne abincin marayunta. Kai irin wannan mutum gaban hukuma abu ne mai nauyi, ko da bango na tsagewa.

Na uku shi ne rashin sanin wanda ke da gidan. Da yawa daga cikin tsofaffin gidajen tsakiyar gari gidajen gado ne da ba a raba ba. Magada goma na jiran rabonsu daga kuɗin haya, babu wanda ke son a cire na siminti daga kasonsa. Wasu masu gidajen suna zaune a wani gari ko wata ƙasa, wakili ne ke zuwa karɓar kuɗi, shi kuma ba shi da ikon kashe ko dala.

Na huɗu shi ne rashin sanin ƙofar da za a buga. Ɗan haya yakan tafi wurin ƴan sanda da maganar da ta shafi ma'aikatar tsabta, ko ya tafi ma'aikatar magajin gari da rikicin kuɗin ajiya, wanda aikin sulhu ne ko na kotu. Idan aka mayar da shi sau biyu, ba ya komawa na uku. Ga kuma takardun hukuma da Faransanci ake rubuta su, harshen da yawancin mazauna waɗannan gidaje ba sa rubutu da shi.

Na biyar shi ne yanayin shekara. Daga Oktoba zuwa Mayu bango mai tsaga yana tsaye, rufi ba ya yoyo, tsakar gida a bushe take. Matsalar ba ta ciwo sai ruwa ya sauka, lokacin da gyaran ginin ƙasa ya riga ya yi wuya, ma'aikatan hukuma kuma sun rarrabu a wuraren ambaliya.

Abin da jinkiri ke jawowa

Kukan da aka kai bayan ɓarna ihu ne bayan hari, kuma asararsa kashi uku ce.

Ta farko ita ce rai da lafiya. A Yamai ruwa na zuwa ta hanya biyu. Akwai ruwan sama na watannin Yuni zuwa Satumba, wanda ke jiƙa gindin ginin ƙasa har ya zube, ko a unguwar da ke nesa da kogi. Akwai kuma cikar kogi: ta damina, wadda ƙoramun Sirba, Dargol da Gorouol ke kawowa a Agusta da Satumba, da ta lokacin sanyi, wadda ke gangarowa daga ƙasar Gini. A Satumba 2020 ruwan kogin ya kai kusan santimita 700 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa gani ba, alhali matakin jan gargaɗi 620 ne. Madatsar kariya ta ɓalle, ruwa ya mamaye Lamorde da maƙwabtanta. A daminar 2024 ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a faɗin ƙasa, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, har aka ɗage komawa makarantu daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Da yawa daga cikin mamatan irin waɗannan shekaru gini ne ke faɗa musu, ba ruwa ne ke tafiya da su ba. Salangar da ta malalo kuwa hanyar cutar amai da gudawa ce, wadda ta kama sama da mutum 5,000 a Nijar a 2021.

Ta biyu ita ce hujja. Bangon da ya faɗi ba ya nuna tsagar da ke jikinsa jiya. Maƙwabtan da suka ji ana yi wa mai gida magana sun watse, kowa ya nemi inda zai sa kansa. Wanda ba shi da takardar haya ko rasit yakan sha wahala wajen tabbatar da cewa a gidan ma yake zaune, balle a lissafa shi cikin waɗanda za a taimaka wa.

Ta uku ita ce damar tuhumar hukumar kanta. Ba a iya cewa ma'aikata ta yi sakaci a kan abin da ba a sanar da ita ba. Idan kuma hukuma ta yanke wani hukunci, misali ta ba da umarnin a fita daga gida ko a rushe shi, tsarin shari'ar da ke tsakanin ɗan ƙasa da hukuma yana buƙatar a fara kai kuka ga hukumar ko ta sama da ita kafin a tafi kotu, kuma wa'adin yin haka gajere ne. Wanda ya bari ya wuce, ko da gaskiya a hannunsa, ana iya ƙin sauraren ƙararsa.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

A Ingila an ware irin waɗannan gidaje da doka ta musamman tun 2004. Daga Oktoba 2018, duk gidan da mutum biyar ko fiye daga iyalai dabam-dabam ke zaune suna haɗa makewayi ko madafa, sai mai shi ya karɓi lasisi daga ƙaramar hukuma. An ƙayyade har faɗin ɗakin kwana: murabba'in mita 6.51 ga babban mutum ɗaya, 10.22 ga mutum biyu. Wanda ke ganin ƙaramar hukuma ba ta sa ido yadda ya kamata ba yana fara kai mata kuka, sannan ya wuce ofishin mai sauraren koken jama'a kan ƙananan hukumomi. Amma ofishin ba ya karɓar koken da ya wuce wata goma sha biyu daga ranar da mutum ya san da matsalar, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ko a inda tsari ya yi ƙarfi, jinkiri na kashe magana.

A Faransa dokar 30 ga Janairu 2002 ta ce wurin da za a ba da haya ya kasance da babban ɗakin da bai gaza murabba'in mita 9 ba, kuma dokar 2014 ta ba ƙananan hukumomi damar tilasta neman izini kafin a ba da haya a unguwannin da gidajensu suka lalace. Duk da haka, ranar 5 ga Nuwamba 2018 benaye biyu suka rufta a titin Aubagne na birnin Marseille, mutum takwas suka mutu. Mazauna ɗayan benen sun yi ta kai kuka kafin ranar, an ma turo ƙwararre ya duba makonni kaɗan kafin abin ya faru, aka bar su suka koma ciki. Koken nasu bai cece su ba, amma saƙonni da hotunan da suka bari su ne suka zama hujja lokacin da aka gurfanar da masu gidaje da wani tsohon mataimakin magajin gari a ƙarshen 2024.

A Afirka ta Kudu, gobarar 31 ga Agusta 2023 a wani bene da ke tsakiyar Johannesburg ta kashe mutum 76. Ginin mallakar hukumar birnin ne, kuma kwamitin binciken da aka kafa ya ɗora mata alhakin rashin aiwatar da dokokinta na kare lafiyar mazauna.

A maƙwabta kuwa, an fi mayar da hankali ga farashi. Senegal ta yi dokar rage kuɗin haya a 2014, jihar Legas ta yi dokar haya a 2011 wadda ta taƙaita kuɗin da ake karɓa a gaba. Waɗannan dokoki suna taɓa aljihu, amma ba su ne ke duba bango ba.

Ƙofofin da ake bugawa a Yamai

Mai gida ko wakilinsa shi ne farko. A faɗa masa da baki cikin mutunci, sannan a bi da rubutu. Saƙon waya ko na murya ta WhatsApp yana ɗauke da kwanan wata, kada a goge shi. A ɗauki hoton tsagar bango, da igiyar wutar da ta kwaile, da ramin da ya cika.

Mai unguwa shi ne na biyu. Dokar sarakunan gargajiya ta 13 ga Janairu 2015 ta ba su ikon sulhunta mutane, kuma yawancin rigingimun haya a nan suke ƙarewa. A roƙi a rubuta abin da aka amince: wane gyara, wa zai biya, zuwa yaushe. Idan an yarda ƴan haya su yi gyaran a cire daga kuɗin haya, wannan ma a rubuta shi, a ajiye rasit na siminti da na magini.

Ma'aikatar da'irar da gidan yake ita ce ta uku, musamman sashen tsabta idan maganar salanga ce ko ruwan datti, da sashen gine-gine idan bango ne ko rufi. A rubuta takarda kwafi biyu, a miƙa ɗaya a ofishin karɓar wasiƙu, a sa a buga wa ɗayar hatimi da kwanan wata, a riƙe ta. Wanda ba ya rubutu da Faransanci ya nemi marubucin wasiƙu ko ɗalibin gidan. Takardar ta faɗi unguwa, wurin da gidan yake, yawan iyalai da yaran da ke ciki, da abin da ake tsoro. Idan an yi shiru, a sake rubutawa, a ambaci kwanan watan ta farko, a aika kwafi babbar ma'aikatar magajin gari.

Kotu ita ce ta ƙarshe, ga rikicin kuɗin ajiya, kora ba bisa ƙa'ida ba, ko neman diyya. Tun bayan dokar tsara kotuna ta 2018 akwai kotunan da'ira a Yamai, ban da babbar kotun birnin. Ma'aikacin shari'a da ake kira wisiye yana iya zuwa ya rubuta halin da gida ke ciki, kuma takardarsa na da nauyi a gaban alƙali, sai dai ana biyan sa. Marasa hali suna iya tuntuɓar hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 don taimaka wa talaka da shawarar shari'a. Ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye, irin su ADDC-Wadata, su ma suna ba da shawara.

Matsalar kontar ruwa ta kamfanin NDE ce, wanda ya karɓi aikin SEEN a farkon 2024, ta wuta kuma ta NIGELEC. Da yake farashin ruwa hawa-hawa ne, gidan da iyalai da yawa ke shan kontar ɗaya yana saurin tsallake matakin mai rahusa, kowa ya biya da tsada. Idan haɗari ya riga ya zo, gobara ko rushewa, lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Abu biyu da ke kare ɗan haya

Na farko, kada ya daina biyan haya da kansa don ya matsa wa mai gida. Wanda ya riƙe kuɗi ba tare da yarjejeniya ko umarnin alƙali ba ya ba mai gida hujjar korarsa. Na biyu, kada ya tafi shi kaɗai. Takardar da iyalai shida suka sa wa hannu ta fi ta mutum ɗaya nauyi a ofis, kuma korar gida gaba ɗaya ta fi korar mutum ɗaya wuya.

Mai gida ma yana da riba a cikin kukan da ya zo da wuri. Buhun siminti kaɗan da aikin magini na kwana biyu a watan Maris sun fi sake gina ɗaki a watan Oktoba sauƙi, balle a zo ga maganar rai.

Lokacin duba gida a Yamai shi ne daga Fabrairu zuwa Afrilu: ƙasa a bushe, magina na samuwa, ma'aikatan da'ira ba su shiga hidimar ambaliya ba. Takardar da aka buga wa hatimi a waɗannan watanni tana ba mai gida da hukuma wata biyu ko uku su yi abin da ya kamata kafin ruwan farko. Idan sun yi, an tsira. Idan ba su yi ba, kwafin da ke hannun ɗan haya shi ne zai nuna wanda aka sanar, da ranar da aka sanar da shi.